Yadda ake shirya yaro shiga nazare a dogon hutun damina a Jos

A Jos makarantu kan tashi dogon hutu a ƙarshen Yuli su koma a Satumba, wato makonni shida zuwa bakwai, dukkansu a tsakiyar damina. Gidan da ke da ɗan shekara 3 ko 4 da za a kai makaranta karon farko, a waɗannan makonnin ake fafe gora, ba ranar tafiya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙarar da hutun wajen tilasta wa yaro haddar ABC da ƙirga daga 1 zuwa 20. Wannan aikin malama ne, don shi ake biyan kuɗin makaranta. Abin da malama ba za ta iya ba, ga yara 25 a gabanta, shi ne ta gyara wa ɗanku lokacin barci, ta raba shi da famfas, ta koya masa ci da hannunsa, ta kuma sa ya yarda cewa in uwarsa ta tafi za ta dawo. Waɗannan a gida ake yin su, kuma kowannensu yana cin makonni.

Makon farko: aji, makaranta da takardu

Ku fara da lissafin shekarun da yaro zai cika a Satumba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ware shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara 5, ya shiga firamare yana da 6, kuma firamaren gwamnati da dama suna da wannan ajin. Makarantun kuɗi su kan karɓi yaro tun yana ƙasa da haka, kowace da sunan da take kiran azuzuwanta. Saboda haka kada ku tambayi sunan aji, ku tambayi shekarun yaran da ke cikinsa. In an ce za a tsallakar da ɗanku gaba don yana da wayo, ku yi hattara. Bakin yaro kan riga yatsunsa nuna. Ɗan shekara 3 mai surutu kamar aku bai iya riƙe fensir kamar ɗan shekara 4 ba, kuma idan ya ga kullum shi ne na baya, sai ya tsani takarda tun bai san amfaninta ba.

Wajen zaɓen makaranta, gani ya kori ji, kuma ranar da aka fi ganin gaskiyar makaranta a Jos ita ce ranar ruwa. Ku je bayan an tafka ruwan sama. Ku duba ko rufi na yoyo, ko tsakar makaranta ta zama tafki, ko tagogi suna rufuwa. Ku dubi daɓen aji: siminti tsirara a garin da ke sama da mita 1,200 daga teku ba wurin zaman ƙaramin yaro ba ne, sai da tabarma ko leda ko kafet. Daga nan ku nemi a nuna muku bandaki, wanda yara ke shiga, ba na baƙi ba. Akwai ruwa? Akwai sabulu? Bakin ramin ya yi wa ɗan shekara 3 faɗi? Wa ke raka yaro, wa ke yi masa tsarki? Ƙa'idar tsarin ilimi ita ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare, amma ajin 'yan shekara 3 da babu mai reno ban da malama, ko yaran 15 ne, wahala ce.

Sauran tambayoyin gajeru ne: ƙarfe nawa ake tashi, wa ke tsaron ƙofa, yaya ake tantance mai zuwa ɗaukar yaro, ana duka ko ba a yi. Kuɗi kuwa a rubuta muku jimlarsu a takarda, har da rajista, yunifom, littattafai, kayan wasanni, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da na bikin ƙarshen shekara, don waɗannan ƙananan su ne ke zuwa daga baya su tayar da hankali. Kowane biya a karɓi rasit.

Makarantar kusa ta fi ta nesa mai suna. Yaron da zai bi ta cunkoson Taminus ko Farin Gada kowace safiya a keke, iska mai sanyi na dukan ƙirjinsa, ya gaji kafin ya isa. Mutumin Jos ya san dalili na biyu: in gari ya ɗan rikice ko aka sa dokar hana fita, makarantar da uwa za ta iya kaiwa da ƙafa cikin minti 15 ita ce kwanciyar hankali.

Takardu kuma a haɗa su yanzu: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi da hotunan fasfo. Ku buɗe katin ku karanta. Allurar da aka fi mantawa ita ce ta ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15, domin iyaye da yawa sun ɗauka rigakafi ya ƙare a wata 9. In akwai gurbi, a je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a cike, kuma a nan za a ba da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, waɗanda ake maimaitawa duk wata shida har yaro ya kai shekara 5.

Rabuwa da famfas

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, don haka shi za a fara daga mako na biyu. Alamar yaro ya isa ita ce famfas ɗinsa ya yi awa biyu a bushe, yana ɓuya a lungu in zai yi kashi, yana iya sauke wandonsa. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a dakata wata guda a sake gwadawa.

A zaɓi kwana uku da uwa ko mai reno za ta wuni a gida. Da safe a cire famfas, a sa wando mai roba a ƙugu, a tanadi kamar guda takwas domin a damina wanki ba ya bushewa da wuri. A ɗora yaro a kan fo da zarar ya tashi daga barci, da bayan kowane cin abinci da kamar minti 15 zuwa 20, da kuma duk bayan awa biyu. Zaman kada ya wuce minti 5. In ya yi, a yaba masa da baki, ya isa. In bai yi ba, a tashe shi ba tare da magana ba. In ya saki a wando, a ce masa "fitsari a fo ake yi", a canza masa, a wuce wurin.

Abubuwa uku ke ɓata wannan aiki. Na farko duka da gori. Yaron da aka daka don ya ɓata wando ba riƙewa har ya kai fo yake koya ba, riƙewa gaba ɗaya yake koya. Kashi ya taurare, fitarsa ta yi zafi, ya ƙara riƙewa, sai a wayi gari ana neman maganin taurin ciki. In kun ga kwana uku babu bayan gida, ku ƙara masa ruwa da gwanda da miyar ganye, ku sassauta horon. Na biyu shi ne yau wando gobe famfas don za a je biki, wanda ke rikita yaro. Na uku sanyi: da asuba a Agusta yaro ba ya son zama a kan fo mai sanyi a bandakin tsakar gida, sai a shigo da fo ɗin cikin ɗaki.

Da ya saba da fo, a mayar da shi irin bandakin da zai tarar a makaranta. In na tsuguno ne, a koya masa tsuguno ana riƙe da hannunsa. A koya masa riƙe buta da dama, tsarki da hagu, wanke hannu da sabulu bayan nan. Yarinya a koya mata wankewa daga gaba zuwa baya. Sannan abin da kusan kowa ke mantawa: yaro ya iya buɗe baki ya ce "Anti, zan yi fitsari", da kalmar da malama za ta gane. Yara da yawa da suka ƙware a gida suna jiƙa yunifom a makon farko don kawai sunan da ake kiran abin a gidansu babu wanda ya san shi a aji. Fitsarin kwance da dare wani abu ne daban, ba laifi ba ne har wajen shekara 5, kuma ba ya hana zuwa makaranta.

Barci

Ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, har da na rana. In za a tashe shi ƙarfe 6 na safe, to ya kwanta wajen 8 na dare, bayan isha'i kenan, ya ƙara da awa ɗaya ko ɗaya da rabi bayan azahar. A hutu yara kan kai 10 ko 11 suna kallo tare da manya. Ba a gyara wannan a dare ɗaya. Saura mako uku a koma, a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu, a kuma matso da lokacin tashi daidai da haka. Tashin safen shi ne linzamin: in aka bar yaro ya kai 9 yana barci don tausayi, daren ba zai gyaru ba. Barcin rana kada ya ƙetare la'asar. A kashe talabijin, a karɓe waya awa guda kafin kwanciya, a maye gurbinsu da wanka da ruwan ɗumi da tatsuniya ɗaya.

Yadda za a cika yinin hutu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada kallon waya ko talabijin ya wuce masa awa ɗaya a yini, kuma ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki. A Agustan Jos wannan sai da dabara, domin ruwa kan wuni yana yayyafi. Duk lokacin da rana ta leƙo, musamman da hantsi, a fitar da yara tsakar gida, kada a jira yamma.

In ruwa ya tsare su a ɗaki, aikin gida ne makarantarsu. A ba yaro wake da masara a faranti ya raba su a murafu biyu, babba na zaune kusa don kada ƙwaya ta shiga hanci. A ba shi maƙalan shanya ya jera a bakin kwano. A kwaɓa fulawa kofi biyu da gishiri kofi ɗaya da ruwa kamar kofi ɗaya da ɗan mai, ya yi ta mulmula, in an rufe a roba za ta yi kwanaki. Ya yayyaga tsohuwar takarda, ya zana da gawayi ko alli a daɓe. Duk waɗannan yatsun da za su riƙe fensir suke ƙarfafawa, kuma sun fi littafin bin layi amfani a wannan shekarun. Ƙirga ma a kan abu ake koyon ta: "Kawo wa Abba cokali uku." Yaron da ke rera 1 zuwa 20 amma bai iya ɗebo cokali uku ba, waƙa ya iya.

Sau ɗaya a mako a fita. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da gidan namun daji a gefensa, kuma a harabar akwai gine-ginen gargajiya da aka kwaikwaya, har da ganuwar Kano. Ga kuma babban gandun namun daji na Jos. Fitar kada ta wuce awa biyu, a tafi da laima da rigar sanyi. Amfanin fita ba ganin biri kaɗai ba ne: yaro na koyon bin layi, riƙe hannu, da shiga bandakin da ba na gidansu ba.

Wurare biyu kuwa babu sassauci a kansu. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfil, Bukur da Barikin Ladi suna da zurfi, bakinsu na zaftarewa, kuma a damina cike suke. Sai rafuka da kwalbatocin cikin gari: ruwan da aka yi a kan tudu kan iso unguwa da ƙarfi ko da a nan bai sauka ba, kuma mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar 2012 ba. Kada a bar 'yar shekara 8 ta zama ita ce mai tsaron ƙaninta a bakin ruwa. A cikin gida ma, bokiti da baho da aka tara ruwan sama a rufe su, rijiya a sa mata murfi da kwaɗo.

Lafiya a damina

Sanyin Jos ba ya hana sauro. Kowane yaro ya kwana a gidan sauro mai magani, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. A watannin damina ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa 59. Na kwana uku ne a kowane wata: na farko a gabansu ake sha, na biyu da na uku a hannun uwa ake bari, kuma a nan ake yin sakaci. In yaro ya yi zazzaɓi, a yi gwajin jini kafin a sayi magani.

Mura da tari ba sa ƙarewa a wannan lokaci. Abin lura shi ne numfashi. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye, ko kuma ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja iska, asibiti za a nufa a ranar. Gudawa kuma a haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a zubar da ragowar bayan awa 24, a haɗa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 ko da gudawar ta tsaya.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi yana kisa, haka janareta a baranda kusa da taga. Iskar da ke yin kisan ba ta da wari. A ƙara bargo da safa da hula.

Koyon rabuwa, da zuwa wajen kaka

Yaron da bai taɓa yin awa ɗaya ba tare da uwarsa ba zai sha wuya a makon farko. A fara gwaji a mako na uku: a bar shi wajen goggo ko maƙwabciyar da ya sani na minti 30, sannan awa ɗaya, sannan daga hantsi zuwa azahar. Kowane lokaci a yi masa sallama ido da ido, a faɗa masa lokacin dawowa da abin da ya sani: "Umma za ta dawo in an kira azahar." Sai a dawo a kan lokacin. Sulalewa ta bayansa yana wasa ita ce mafi muni, domin daga ranar ba zai ƙara sakin zanen uwarsa ba.

In za a kai yara hutu wajen kaka a ƙauye ko wani gari, a yi shi a farkon hutu, su dawo saura aƙalla mako biyu. A haɗa su da gidan sauro da fo. Kaka ba za ta bi jadawalin kowa ba, kuma ba a yi mata gardama a kan jikanta, shi ya sa ake barin mako biyun gyara.

Sayayya da abinci

Yunifom biyu ne mafi ƙaranci, uku in da hali, saboda rashin rana. A kai wa tela tun farkon Agusta, kafin layi ya yi tsawo, a ce ya sa roba a ƙugu maimakon zif da bel. Rigar sanyi a tambayi launin da makaranta ta yarda da shi kafin a shiga gwanjon kasuwar Katako, a wanke ta a goge kafin sawa. Takalmi mai manne ya fi mai igiya, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsan yaro da bakin takalmi, kuma ya fara sa shi a gida mako guda kafin komawa. Jaka da kayan cikinta kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo ɗaya da rabi ga yaro mai kilo 15. A rubuta suna a kan komai, amma ta ciki, don kada baƙo ya karanta a bayan jaka ya kira yaro kamar ya san shi. A jakar kullum a sa wando da safa na canji a cikin leda.

Kular abinci da gorar ruwa a saya waɗanda yaron da kansa ya buɗe ya rufe a gaban mai shago. Saura kwana goma, ya riƙa cin abincin hantsi daga cikin kular, a zaune, da cokalinsa, cikin minti 20. A zuba abin da ya saba ci kuma kaɗan: dafaffen dankalin Turawa da ƙwai, faten acca mai kauri, shinkafa da wake, alala, ayaba. Miya mai ruwa tana ƙarewa a jikin yunifom. Gyaɗa, gurjiya da alewa mai tauri suna shaƙe ƙaramin yaro, kifi kuma a cire ƙaya tsaf. Kafin a zuba abinci a ɗauraye kular da tafasasshen ruwa, zai daɗe da zafi.

Ranar farko da makonni biyun da ke biye

Kafin ranar a bi hanyar tare da yaro sau ɗaya ko biyu, ya ga ƙofar, in an samu ya gaisa da malamarsa. Daren komawa a shirya komai. Da safe ya karya a gida, ya zauna a fo, a isa da wuri kafin aji ya cika da kukan wasu. A miƙa shi hannun malama, a yi masa addu'a, a ce "zan zo in ɗauke ka in kun gama cin abinci", a juya. Duka kada ya wuce minti biyu. Laɓewa a taga ko dawowa don an jiyo kuka sabon kuka yake tayarwa. Kada a tsorata shi da malama, kada a yi masa ƙaryar za a sayo alewa a dawo.

A ba makaranta sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauke shi, da lambobin waya biyu. A makon farko mai ɗauka ya riga ƙararrawa isa.

Yawancin yara ranar farko lafiya lau suke yi, kukan sai rana ta uku, da kuma Litinin ta biyu, lokacin da suka gane abin na kullum ne. Za ku ga rigima da yamma, komawa fitsarin wando, dawo da abinci ba a taɓa ba. Waɗannan kan lafa cikin mako biyu zuwa uku in ba a fasa zuwa ba. Islamiyyar yamma a ɗaga masa ita har wata guda, barcin ranarsa ya zauna tukuna. Idan kuka ya wuce wata ɗaya, ko yaro yana firgita in an ambaci sunan wani mutum, ko an ga tabo a jikinsa, a je makaranta ba tare da sanarwa ba, a zauna da shugabar. Zazzaɓi, amai, gudawa, jan ido mai kwantsa da ƙaranbau kuwa ba a kai yaro makaranta da su, kuma bayan zazzaɓi sai ya yi yini guda cur jikinsa bai yi zafi ba, ba tare da magani ba, sannan a mayar da shi aji.